Sikeli ya ce kitsena kashi 31 da safe, ya ce 27 da dare: wanne zan ɗauka?

Baban Walid (Gwale):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina kuma fatan masana da ke cikinmu za su warware mini shi. Shekaruna 44, tsayina mita 1.74, kuma a farkon watan Satumba nauyina kilo 98 ne. Likita ya ce jinina ya fara hawa, ya umarce ni da in rage jiki. Tun daga lokacin na bar lemon kwalba, na mayar da malmalar tuwon dare ɗaya maimakon uku, kuma kullum bayan sallar asuba nakan taka zuwa Ƙofar Kabuga in dawo. Yau wata huɗu ke nan, nauyina ya sauko zuwa kilo 91, alhamdu lillahi.

Mako uku da suka wuce na sayi sikeli a Kasuwar Sabon Gari, irin mai gilashi da ƙarafa huɗu a wurin taka ƙafa, wanda ke haɗuwa da waya ya nuna yawan kitsen jiki. Da safe yakan ce kitsena kashi 31 ne cikin ɗari, bayan sallar isha'i kuma ya ce 27. Ranar Litinin da na yi azumi na hau shi gab da magariba, nauyina ya nuna kilo 90, amma kitse ya tashi zuwa 30, alhali a irin wannan lokaci a sauran ranaku bai fi 27 ko 28 ba. Ta yaya mutum zai wuni bai ci komai ba kitsensa ya ƙaru? Abin da ya fi damuna shi ne in san ko kilo bakwai ɗin nan kitse ne ya tafi, ko kuwa tsokata nake cinyewa, domin na ga yadda wani abokin aikina ya rame har ƙarfinsa ya tafi amma tumbin yana nan.

Malamar Abinci (Tarauni):
Wa alaikumus salam, Baban Walid. Allah ya ƙara lafiya, kuma kilo bakwai cikin wata huɗu tafiya ce mai kyau, domin ba ta kai rabin kilo a mako ba, wanda shi ne irin saurin da jiki ke ɗauka ba tare da wahala ba.

Sikelinka bai lalace ba, sai dai ba kitse yake aunawa kai tsaye ba. Ƙarafan da kake takawa suna tura wata 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai, wadda ba ka jin ta, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Wuta tana wucewa cikin sauƙi ta inda ruwa yake, tsoka kuwa kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, shi kuma kitse ruwansa kaɗan ne, don haka yakan tare wutar. Na'urar tana auna irin turjiyar da wutar ta gamu da ita, sai ta haɗa da tsayinka da shekarunka da jinsinka da ka shigar a waya, ta yi ƙiyasi. Saboda haka duk abin da ya taɓa ruwan jikinka zai taɓa lambar. Da ka wuni a tsaye ko a zaune, ruwa yakan sauko ya taru a ƙafafu, kuma tun da ta ƙafafun wutar ke bi, sai ta wuce da sauƙi, na'urar ta ce kitse ya ragu. Da ka yi azumi ruwan jikinka ya ja baya, wutar ta sha wahala, sai ta ce kitse ya ƙaru. Shi kitsen yana nan yadda yake a duka lokutan biyu.

Ka ƙara da cewa hunturu ake yi. Tafin ƙafa mai kaushi da faso ba ya manne wa ƙarfen yadda ya kamata, wannan ma yakan jirkita lamba.

Koci (Zoo Road):
Malama ta faɗi gaskiya a kan yadda na'urar ke aiki, amma ni ra'ayina ya fi nata tsanani. Yaya, ka ajiye lambar kitsen nan gaba ɗaya, ka riƙa duba nauyi kawai. Na taɓa ganin wani matashi a wurin motsa jikinmu ya hau sikeli iri biyu cikin minti biyar, ɗaya ya ba shi kashi 18, ɗaya ya ba shi 24. Abin da muke amfani da shi shi ne kalifa, wani ɗan awartaki ne da ake kama fata da kitsen da ke ƙarƙashinta a auna kaurinsu da milimita. Hanyar da na koya ita ce ta Durnin da Womersley, masana biyu daga Jami'ar Gilasgo da suka wallafa ta a 1974, inda ake auna wuri huɗu: gaban dantse, bayan dantse, ƙarƙashin allon kafaɗa, da saman ƙashin ƙugu. A haɗa lambobin huɗu, a duba jadawali bisa shekaru. Shan ruwa ko azumi ba ya girgiza wannan awo kamar yadda yake girgiza sikeli.

Malamar Abinci (Tarauni):
Koci, ban ƙi kalifa ba, amma ingancinta yana hannun mai kamawa ne. Idan kai ka kama yau, wani ya kama bayan wata guda ya kauce da yatsa biyu daga inda ka kama, lamba za ta bambanta ba tare da jikin ya sauya ba. Sannan ga mai tumbi babba, fatar takan yi wuyar kamuwa yadda ya kamata, kuma kalifa ba ta isa ga kitsen da ke cikin ciki, wanda ya kewaye hanji da hanta. Ban da haka, mata da yawa ba za su yarda a buɗe musu baya da ƙugu a wurin motsa jiki ba, sai dai idan mace ce ƙwararriya za ta auna.

Shi ya sa ba zan ce ya jefar da abin da ya riga ya kashe kuɗinsa a kai ba. Ya mayar da awon lokaci ɗaya: da safe bayan ya kewaya, kafin ya ci ko ya sha, kafin ya fita tattaki, da kaya marasa nauyi, sikelin yana kan siminti ko tayil ba kan darduma ba, ya kuma goge tafin ƙafarsa da ɗanyen tsumma. Ya rubuta lambar sau uku a mako, ya fitar da matsakaicinsu. Lambar kwana ɗaya ba ta da wani amfani, amma idan matsakaicin wannan wata 31 ne, na watan gobe ya zama 30, na gaba 29, to alƙiblar gaskiya ce ko da ainihin lambar ta kauce da maki uku ko huɗu.

Ɗan BUK:
Ina neman afuwar manya, amma me ya sa za a wahalar da Yaya da duk wannan? An koya mana BMI, wato a raba nauyi (a kilo) da tsayi sau tsayi (a mita). Nasa a da 32.4 ne, yanzu ya dawo 30.1. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce. Lissafi ne mai sauƙi, ba ya buƙatar batir, kuma ya nuna cewa Yaya yana bakin fita daga ajin ƙiba.

Likita (Nassarawa):
Ƙanena, lissafinka daidai ne, amma bai amsa tambayar da aka yi ba. Asalin wannan ma'auni na Adolphe Quetelet ne, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam da ya fitar da shi a shekarun 1830 domin nazarin jama'a da yawa, kuma Ancel Keys na Amurka ne ya raɗa masa sunan da muka sani a 1972. Yana da amfani idan ana duba al'umma, amma bai san bambancin kilon tsoka da kilon kitse ba. Ka ɗauki ɗan dako da ke sauke buhunan masara a Kasuwar Dawanau, da ma'aikacin ofis da ke wuni a kujera. Za su iya zama tsayi ɗaya, nauyi ɗaya, BMI ɗaya, amma idan ka duba jininsu za ka ga ba hanya ɗaya suke bi ba. Ko a watan Janairu na 2025, kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya ba da shawarar kada a dogara da BMI shi kaɗai wajen cewa mutum yana da ƙiba, a haɗa da awon ƙugu ko awon kitse kai tsaye.

Baban Walid, awon da aka fi amincewa da shi a asibiti shi ne hoton DEXA, wanda asalinsa na duba ƙarfin ƙashi ne. Yana amfani da haske mai ratsa jiki iri biyu, ya ware ƙashi daban, tsoka daban, kitse daban, har ya nuna inda kitsen ya taru. Sai dai yana da tsada, ba kowane asibiti ke da na'urar ba, ba a yi wa mai juna biyu, kuma ban ga dalilin da zai sa mai irin halinka ya nema ba. Abin da ya fi damuna a matsayina na likita ba jimillar kitsen ba ce, inda ya zauna ne. Kitsen cinya da ɗuwawu bai kai na cikin ciki haɗari ba. Na cikin ciki shi ne wanda jininsa ke zuba kai tsaye zuwa hanta, shi ke da alaƙa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya, kuma abin da ya fi nuna shi a gida shi ne tef ɗin awo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗari ya fara ƙaruwa idan ƙugun namiji ya wuce santimita 94, na mace ya wuce 80, kuma ya yi tsanani daga 102 ga namiji da 88 ga mace. Waɗannan lambobi daga binciken Turawa aka samo su, ana dai aro mana su ne. Wanda na fi so shi ne wanda ke la'akari da tsayin mutum: kada zagayen ƙugunka ya kai rabin tsayinka. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, ta shigar da wannan cikin ƙa'idojinta a 2022. Rabin tsayinka santimita 87 ne, wato inci 34 da ɗan ɗoriya.

Gargaɗi ɗaya ga kowa: wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau irin wannan sikeli mai tura wuta.

Baba Tela (Fagge):
Likita, Allah ya saka da alheri, ka zo inda nake da abin cewa. Shekara talatin da biyar ina ɗinki, kuma tun kafin a kawo waɗannan na'urori nake ganin jikin mutane yana sauyawa a cikin littafina. Kowane mai kawo mini ɗinki yana da shafinsa: wuya, kafaɗa, hannu, ƙirji, ciki, tsawon riga, tsawon wando. Akwai waɗanda nake yi wa ɗinki tun suna samari, idan na buɗe shafinsu sai in ga ciki yana hawa inci ɗaya ko biyu daga wannan Sallah zuwa waccan, tun daga lokacin da suka yi aure ko suka sayi mota, har mutum ya tashi daga 32 ya kai 44 bai ankara ba, domin babbar riga tana rufa asiri.

Ɗana, ka je wurin telanka ka ce ya buɗe maka shafinka. Idan ya auna ka kafin ka fara wannan aiki, to kana da tsohon awo wanda ba sikelin da zai ba ka. Ka tambaye shi ko ainihin abin da tef ya nuna ya rubuta, ko ya riga ya ƙara sakin da ake bari domin riga ta wala, saboda wasunmu sukan haɗa su wuri guda. In za a sake aunawa, ka tsaya sosai, ka saki numfashi, kada ka shanye ciki. Da yawa da zarar tef ya zagaye su sai su ja ciki ba su ma sani ba, ni kuwa sai in tsaya ina yi musu hira har sai na ga sun saki jiki, sannan in karanta. Tef ɗin kuma kada ya nutse cikin fata, kada ya karkace ta baya, kuma idan ya tsufa ya miƙe a sayi sabo.

Maman Ihsan (Hotoro):
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so in faɗi abin da ya same ni, ko wata 'yar'uwa za ta tsira. Bayan haihuwata ta uku na kai kilo 86, sai wata mai sayar da kaya a intanet ta tallata mini shayin rage ƙiba, ta ce cikin kwana goma zan ga aiki. Na gani kuwa, domin cikin mako guda kilo uku ya tafi, amma kullum ina hanyar banɗaki, leɓena ya bushe, in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, har wata rana na zauna a ƙasan kicin riƙe da ludayi na kasa tashi, yarinyata tana kuka a bayana. Da na daina sha, kafin mako biyu kilo ukun ya dawo cif, kuma siket ɗin da ya matse ni kafin in fara bai taɓa sakina ba ko kwana ɗaya. Sai daga baya na gane ruwa ne kawai nake zubarwa.

Tambayata ga Malama ita ce, sikelin mijina yana ba ni kashi 36, shi kuma yana ba shi 24, alhali ya fi ni nauyi. Sannan kwanaki kaɗan kafin al'ada nauyina yakan ƙaru da kilo ɗaya ko fiye. Shin lambar maza ita ce tamu?

Malamar Abinci (Tarauni):
Sannu Maman Ihsan, Allah ya kiyaye gaba. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, don haka kafin kilo uku na kitse ya narke cikin mako guda sai mutum ya ƙona abin da ya fi kalori 3,000 a kullum sama da abin da ya ci, wanda ya zarce abincin yini guda na yawancin mata. Babu shayin da ke yin wannan. Ko mai rage abinci ta hanya mai kyau, saurin da yake gani a makon farko yawancinsa ruwa ne, domin jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da ruwa kusan giram uku, da ajiyar ta ragu sai ruwan ya bi ta.

Lambar maza ba ita ce tamu ba. Allah ya halicci jikin mace da kitse fiye da na namiji saboda ciki da shayarwa. Kitsen da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi kashi 2 zuwa 5 ne ga namiji, ga mace kuwa 10 zuwa 13. A jadawalin da masu horar da motsa jiki suka fi amfani da shi, ana lissafa namiji cikin masu ƙiba daga kashi 25, mace kuma daga 32. Ƙarin da kike gani kafin al'ada ruwa ne jiki ke riƙewa, zai tafi da kansa. Ki riƙa kwatanta awon wannan wata da na watan jiya a rana ɗaya ta zagayowar al'adarki, misali kwana biyu bayan kin yi wanka. Ki kuma tabbatar bayananki ne a cikin wayar lokacin da kika hau, ba na maigida ba.

Baban Walid (Gwale):
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na bi shawararka, jiya bayan la'asar na je wurin telana. Ya ɗauko littafin, ya nemo awon da ya yi mini a watan Agusta lokacin bikin ƙanwata: ciki inci 43, wuya 16 da rabi, kuma ya tabbatar mini ba ya haɗa saki a cikin abin da yake rubutawa. Ya sake auna ni daidai cibiya, ciki ya nuna 40, wuya 16. Da na ga inci uku sun tafi, wallahi hankalina ya kwanta fiye da duk ranar da na hau sikeli.

Koci (Zoo Road):
Madalla, Yaya. Da waɗannan lambobi za a iya amfani da lissafin sojojin ruwan Amurka, wanda Hodgdon da Beckett suka fitar a 1984. Ga namiji ana buƙatar tsayi da wuya da ciki daidai cibiya, ga mace a ƙara da zagayen ɗuwawu. Na lissafa naka: a watan Agusta kana wajen kashi 31, yanzu kana wajen 27. Kashi 31 na kilo 98 shi ne kilo 30.4 na kitse, kashi 27 na kilo 91 kuma kilo 24.6 ne. Ke nan cikin kilo bakwai da ka rasa, kusan shida kitse ne, ɗaya da ɗoriya kuma ruwa ne da ɗan abin da ba a rasa ba na tsoka. Wannan ma ƙiyasi ne, yana iya kaucewa da maki uku ko huɗu, kuma a kan riga aka auna ka, amma ya nuna ba hanyar abokin aikinka kake bi ba.

Abin da ya rage shi ne ka kare tsokar da kake da ita, domin tattaki kaɗai ba ya isa. Sau biyu ko uku a mako ka ba jiki aikin ƙarfi: tsugunno da miƙewa, tura ƙasa da hannu, ɗaga jarkar ruwa mai lita goma a kowane hannu. Kuma da ka rage tuwo kada ka rage abin da ke gina jiki. Wake, alala, ƙwai, kifi, nono marar sukari, awara, duk suna nan a unguwa.

Likita (Nassarawa):
Na yarda da Koci, da sharaɗi ɗaya. Tun da jininka yana hawa, kada ka riƙe numfashi lokacin ɗaga abu mai nauyi, kuma ka fara da kaɗan bayan ka sanar da likitanka. Inci 40 santimita 101.6 ne, wato kana bakin layin 102, kuma idan aka raba da tsayinka ana samun 0.58, don haka akwai sauran kusan inci shida kafin ka sauka ƙasa da rabin tsayinka. Kada ka yi gaggawar cinye su cikin wata biyu.

Ga sauran masu karatu kuma, duk wannan magana ta wanda ya yi niyyar rage jiki ce. Wanda ya ga yana ramewa ba tare da ya sauya ci ko aiki ba, musamman idan akwai yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, to ba sikeli zai nema ba, asibiti zai je a duba sukari da tarin fuka.

Baban Walid (Gwale):
Na fahimta, Likita. Na sayi tef nawa na kaina, na kuma ware shafi a bayan littafin da nake rubuta awon jinina. Zan riƙa hawa sikeli Talata da Laraba da Asabar da safe, tun da ba ranakun azumina ba ne, tef kuma ranar ɗaya ga kowane wata. Tambaya ɗaya ta rage: telana a cibiya ya auna, amma na ji ana cewa tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu ake sa tef. Wanne zan bi?

Likita (Nassarawa):
Hanyar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, kuma da ita za ka kwatanta da 94 da 102. Lissafin da Koci ya yi maka kuwa na cibiya ne, tsohon awonka ma na cibiya ne. Ka auna duka biyun, ka ba kowanne layinsa a littafin, a kan fata ba a kan riga ba, sannan ka tafi da littafin duk ranar da za ka ga likitanka.